A ina zan ajiye ƙa'idojin da Weka ta fitar mini?

Ɗalibi daga Aliero: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Aikin kammala karatuna manhaja ce ta gane cutar shinkafa, manomi ya faɗi abin da ya gani a ganye ta ba shi amsa. Na zuba bayanan da na tattaro a fadamun Argungu da Suru cikin Weka, manhajar da ke koyo daga bayanai, JRip, ɗaya daga cikin hanyoyin koyonta, ya fitar mini da ƙa'idoji irin na "idan kaza da kaza, to kaza". Ina so in juye su a Excel. Akwai matsala?

Malamin kwamfuta, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam. Juye abinka, kowace ƙa'ida layi guda, kowane sharaɗi da gurbinsa: launin ganye, kwanakin shuka, kwanciyar ruwa, sai hukunci a ƙarshe. Amma kafin komai ka buɗe gurbin lamba, 1, 2, 3. Ƙa'idojin JRip bi-da-bi ake karanta su daga sama, wadda ta fara dacewa ita ke yanke hukunci, ta ƙarshe kuma ita ke kwashe duk abin da ya rage. Ranar da wani ya danna Sort don takardar ta yi kyau, ta ƙarshen ta hau sama, kowace gona cuta ɗaya za a ce tana da ita, kuma Excel ba za ta ce uffan ba.

Ɗalibi daga Aliero: Allah gafarta Malam, to da J48 na yi fa?

Malamin kwamfuta: Wannan wata hanyar Weka ce, bishiyar yanke hukunci take fitarwa, irin ta tsarin C4.5 ɗin Ross Quinlan. Rassanta ba sa cin karo, jeri bai dame su ba. Duk da haka sa lambar.

Ta Jega: Ƙanena, abin da munka gani a wurin aikinmu shi ne Excel na da shisshigi. Rubuta 3-5, wato kwana uku zuwa biyar, ka ga ta mayar maka da shi kwanan wata. Fara akwati da = ta ce lissafi ne. Ka mai da akwatunan Text tun kafin ka zuba komai, ko ka raba gurbi biyu, mafi ƙaranci da mafi yawa. Wannan halin nata ne ya sa a 2020 masana ƙwayoyin gado sunka canza sunan wata ƙwayar gado daga MARCH1, da Excel ke mayarwa kwanan wata, zuwa MARCHF1.

Na Zuru: Kuma in da Hausa ka rubuta hukuncin, wajen ajiye fayil ɗin zaɓi nau'in CSV UTF-8, ba CSV zalla ba. In ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ alamar tambaya za su koma.

Injiniya a Legas: Me ya sa ba zai tafi Drools, manhajar aiwatar da ƙa'idoji, kai tsaye ba? Tana karanta teburin Excel, ka sa RuleTable, CONDITION da ACTION, ta mayar da kowane layi ƙa'ida.

Malamin kwamfuta: Injiniya, Drools sai da yaren kwamfuta na Java, yaron nan kuma lokaci ya ƙure masa. Ɗan rubutu da yaren Python da zai bi layukan CSV ya ishe shi.

Ta Jega: Amfanin Excel ɗin ma dai don malamin gona ne. Ka buga masa takardar, ya bi da biro ya ce wannan ba haka take a fadama ba. Sai dai gyaransa ya zauna a shafi daban. Ka sake horar da Weka, sababbin ƙa'idoji za su hau kan tsofaffi, gyaran ya bi ruwa.

Na Zuru: Kada ka yar da lambobin nan biyu na cikin baka da Weka ke sawa a ƙarshen kowace ƙa'ida. Ta farko gonakin da ƙa'idar ta kama, ta biyu waɗanda ta kuskure. Ranar kare aiki nan za a fara tambayarka.

Ɗalibi daga Aliero: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, malamin gonar fayil zan tura masa ko takarda?

Ta Jega: Takarda. Fayil ɗin ka riƙe shi wurinka.