Wace kalma za mu ba "cohort" a Hausa?

Jama'a, sallama. Tun jiya nake fama da wani rahoton lafiya da zan karanta a rediyo, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: cohort.

Ga abin da take nufi: mutanen da masu bincike suke ta bibiya, su ɗin dai, na tsawon lokaci. A Rakai, kudancin Uganda, tun 1994 masu bincike suke komawa wasu ƙauyuka, su ɗin dai, suna gwada jinin 'yan shekara 15 zuwa 49, don su ga wa ya kamu da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki, kuma yaushe. A Agincourt ta Afirka ta Kudu, daga 2014 aka fara bin mutum 5,059 'yan shekara 40 zuwa sama. Tashin farko aka tarar kusan ɗaya cikin biyar na ɗauke da ƙwayar, fiye da rabinsu kuma suna da hawan jini. Wato maganin rage kaifin cutar ya sa mutane suna kai wa tsufa, sai ga hawan jini da ciwon sukari sun tarbe su. Gwaji ɗaya ba zai nuna maka wannan ba, sai ka yi ta komawa wurin mutanen nan dai, shekara da shekaru.

Abokin aikina ya ce "rukuni". Ban yarda ba, don rukuni a tsaye yake, babu tafiyar lokaci a cikinsa. Wata malama ta kawo "tsara". Ta yi kyau idan duk haihuwar shekara ɗaya ne, amma a Rakai da ɗan 16 da mai 45 duk suna ciki. Wani ya ce "garke", muka yi dariya. Ka faɗi haka gaban mai unguwa ka ga ko za a bar ka ka ɗebi jinin kowa.

Ni "ayari" nake so. Ku tuna fataken goro masu zuwa Gwanja: a tashi tare, a yada zango, madugu ya ƙirga mutanensa, ya san wa ya kwanta ciwo, wa ya rasu, wa ya yanke. Wasu ma a hanya suke shigowa, kamar yadda yaron da ya cika 15 a Rakai yake shiga. Ka ga mun samu kalmomi uku a kyauta: kowane zagayen gwaji "zango", wanda ya ƙaura aka rasa shi "ya yanke daga ayari", irin na Rakai kuma "buɗaɗɗen ayari".

Malamar nan ta ja ni da cewa yanzu in an ce ayari, motocin gwamna ake tunawa. Gaskiyarki, Malama. Shi ya sa ba zan bar kalmar ita kaɗai ba, zan ce "binciken bin ayari", in yi bayani sau ɗaya a farkon shiri.

Gobe da safe haka zan karanta: "A zango na biyu, an sake auna hawan jinin 'yan ayarin." Mutanen Damagaram da Kumasi, ya kuka ji ta a kunnenku?