Neman kalma: ruwan da ake ɗaura wa yaron da ba ya iya ci ko sha

Malamin Jinya, Gusau: Salamu alaikum. Ranar Litinin zan koya wa ɗalibai lissafin maintenance fluid na yara da Hausa. "Ƙarin ruwa" ya yi faɗi, har na mai gudawa ya haɗiye. Me za mu kira shi?

Sista: Ruwan riƙo, Malam. Shi ke riƙe yaro har ya fara sha da baki. Na mai gudawa ruwan cike giɓi ne, lissafinsa daban.

Dakta: Ya yi. Ka ba su ƙa'idar likitocin nan biyu, Holliday da Segar, ta 1957: kilo 10 na farko na nauyin yaro, mil (wato mililita) 100 kan kowane kilo a awa 24, goma na biyu, mil 50, abin da ya haura kilo 20, mil 20. Yaro mai kilo 14 za a ɗaura masa 1000 da 200, mil 1200 ke nan, wato 50 a awa. A buret, wato layin ƙarin ruwa na yara mai gorar awo, mai ɗigo 60 a mil, ɗigo 50 ne a minti. A layin manya mai ɗigo 20, kusan 17. Nan ake yin ɓarna: a saita 50 a layin manya, ruwa ya shiga ninki uku, fuska ta kumbura, numfashi ya yi sama.

Ɗan Ƙaura: Mu in anka ce riƙo, riƙon ɗiya aka nuhi. Ruwan ɗorewa ya hi. Kuma buret ɗin nan Hausar wa ce?

Sista: Ɗorewa sai ka ce shirin gwamnati. Uwa ta ji haka, ta ɗauka ba ranar cirewa.

Ɗan Ƙaura: Da wani daga Kano ya hwaɗe ta da tuni kun amsa.

Dakta: Yallaɓai, ba Kano ba Sakkwato, buret sunan da ke bakin kowace nas ne. Malam, ka ƙara masu cewa lissafin bai shafi jinjirin da bai kai wata ɗaya ba, kuma mai tamowa ba a yi masa ƙarin ruwa ta jijiya sai jiki ya rikice ƙwarai, don zuciyarsa ba ta ɗauka. Ruwan ma ya zama mai gishiri daidai da na jini, da sukari. Mai ƙarancin gishiri kan jawo jijjiga.

Ɗan Ƙaura: Har yanzu ba a amsa mani zancen ɗorewa ba.

Malamin Jinya: Na gode. Ruwan riƙo zan rubuta a allo, in faɗi ɗorewa da baki.

Ɗan Ƙaura: To. Amma cike giɓi ma da sake.