Da za a yaye labule, me zai rage na imanina?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Wata uku ke nan da rasuwar mahaifiyata, kuma tun daga lokacin wata tambaya take hana ni barci. Ban daina sallah ba, amma zuciyata ta riƙa ce mini: da a ce yau ka tabbatar akwai Allah kamar yadda kake ganin tafin hannunka, ibadarka za ta sauya? Da kuma za a tabbatar maka babu, wa'iyazu billah, za ka ci gaba da riƙon amana? Me za ka tashi da safe dominsa? Na kasa gaya wa kowa a gida, gudun kada a ce na bar addini. Ku taimake ni da shawara.

Wata uwa: Ɗana, Allah Ya jiƙanta, Ya ba ka haƙuri. Ka kwantar da hankalinka. Sahabbai sun kai wa Manzon Allah (SAW) kukan cewa suna jin abin da ya fi ƙarfin bakinsu a zukatansu, ya ce wannan ai shi ne tsantsar imani. Hadisin yana cikin Muslim. Da imanin ba shi da daraja a wurinka, da tambayar ba ta firgita ka ba. Kuma ka nemi wanda za ka zauna da shi, kaɗaici da makoki ba sa haɗuwa.

Wani ɗalibin ilmi: Ɗan'uwa, ka ɗauka tabbaci ne yake gyara mutum, ni kuwa a nan nake ganin kuskuren. Wa ya kai Iblis tabbatar da samuwar Allah? Ya yi magana da Shi, aka ce ya yi sujada, ya ƙi. Ba hujja ya rasa ba, girman kai ne. Fir'auna kuma sai da ruwa ya ci shi ya ce ya yi imani, a Suratu Yunus aya ta 90, aka amsa masa da "Sai yanzu?" Imanin da ido ya tilasta ba zaɓi ba ne. Shi ya sa farkon Baƙara ya yabi masu imani da gaibu. Amma neman natsuwa ba laifi ba ne: a aya ta 260 Annabi Ibrahim ya roƙi a nuna masa yadda ake raya matattu, domin zuciyarsa ta natsu, kuma aka nuna masa.

Wata ma'aikaciyar jinya: Malam, ka amsa rabi ka bar rabi. Na yi aiki da waɗanda ba su yarda da Allah ba, wasunsu ba sa cin amanar majiyyaci ko da ƙwayar zarra. Ni Musulma ce, amma ba zan ce da za a tabbatar babu Allah tausayi zai mutu ba. Abin da zai girgiza, shi ne begen haɗuwa da mahaifiyarka, da sakayyar wanda aka zalunta ya mutu bai ga adalci ba. Ƙanena, ina jin nan ne ciwonka yake.

Wani ɗalibin ilmi: Kin yi gaskiya, Yaya. Ko Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi kusan wata biyu yana shakkar abin da idonsa da hankalinsa suke gaya masa. Shi da kansa ya ce ba jera hujjoji ne ya warkar da shi ba, haske ne Allah Ya jefa a ƙirjinsa.

Mai tambaya: Yaya, kin taɓa wurin. Da na karanta sai na fashe da kuka, ashe ita nake tsoron rasawa har abada. Gobe zan je wurin kawuna, ƙanenta, in faɗa masa komai. Ku sa ta a addu'a.