Zan mayar da tsohuwar motar soja ɗakin kwana, ina neman shawara

Ɗan Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Na samu wata Mercedes 1017 mai jan ƙafa huɗu, irin wadda sojojin Jamus suka yi amfani da ita kafin su yi gwanjonta. Wani dattijo ne ya ɗauko yashi da ita shekara da shekaru, yanzu tana ajiye. Burina in ɗora mata ɗaki mai gado, tankin ruwa, sola da ɗan wurin girki, mu riƙa zuwa Yankari da iyali, in Allah ya yarda wata rana har Gembu, can saman tsaunin Mambila. Maiɗakina dai ta ce hauka ne. Wa ya taɓa irin wannan aiki? Ta ina zan fara?

Mai Walda Panteka:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, abu ɗaya zan roƙe ka: kada ka bari kowa ya yi waldar ɗakin kai tsaye a jikin shasi, wato ƙarfen gindin da ke ɗauke da motar. Shasin waɗannan motoci an yi shi ne ya riƙa murɗawa idan taya ɗaya ta hau dutse ɗaya ta faɗa rami. Ɗaki kuwa ba ya murɗawa. In ka haɗe su kam, ko dai bangon ya tsage, ko ƙofa ta daina rufuwa, ko shasin kansa ya samu rauni. Ni na yi wannan kuskuren a motar wani mai sayar da magani a ƙauyuka, damina ɗaya ya dawo mini da ita ruwa na zuba ta kowace kusurwa. Kunyar da na ji ba ta faɗuwa. Sai da muka yi wa ɗakin nasa gindi daban, muka kafe shi a wuri biyu, na ukun ya zauna a kan ƙusa mai juyawa, sannan aka zauna lafiya. Tankin ruwa kuma a ƙasa za ka sa shi. Lita 200 kilo 200 ke nan; ka ɗora wannan a sama, kwanonin hawan Mambila za su ba ka labari.

Tsohon Saje:
Ɗana, fenti tukuna. Doka ta hana farar hula hawa mota mai launin soja, kuma Kaduna ce fa, daga Kawo zuwa Jaji bariki nawa za ka wuce? Ka shafe ta da fari ko ruwan ƙasa kafin ta fito titi. Ka riƙe takardun kwastan na asali. Wutarta kuma volt 24 ce, kada yaro ya jona maka firij mai 12 ya ƙone.

Hajiyar Barnawa:
Ni ina bayan matarka. Kuɗin gas ɗin zuwa Bauci kawai zai biya muku ɗaki a Wikki, masaukin da ke cikin Yankari. Kuma a wane daji za ku kwana a wannan zamani?

Ɗan Unguwar Rimi:
Hajiya, cikin Yankari za mu kwana, ba bakin hanya ba. Batun gas kuwa ba ni da amsa. Abin da ya kwantar mini da hankali injinta OM352 ne, dangin na babbar motar Mercedes 911, bakanike ba zai tsaya kallonsa ba. Baba Saje na gode, fari zan yi. Maigida na Panteka, ranar Asabar kana shago? Zan zo da awon shasin.