Ƙanena mai sikila ya kamu da allurar pentazocine, ina za mu fara?

Abu Hafsat, daga wajen Ringim:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana fama da sikila tun yarinta, kuma duk lokacin da ciwon ƙashi ya tashi akan yi masa allurar pentazocine, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi. Yanzu shi yake yi wa kansa ko ciwon bai tashi ba, har cinyoyinsa sun yi tauri, gyambo ya buɗe a ɗaya. Ya daina zuwa gona, ba ya magana da kowa. Baffanninmu sun ce a kai shi gidan mari, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Wanne ya kamata a fara magancewa, shaye-shayen ko sikilar?

Maman Sadiƙ, ma'aikaciyar jinya:
Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba shi lafiya. Tare ake magance su, domin matuƙar ciwon ƙashi yana tashi ba tare da ingantaccen maganin raɗaɗi ba, komawa allurar zai yi duk tsaron da aka yi masa. Don Allah kada a ɗaure shi. Idan aka yanke allurar farat ɗaya, zai shiga zufa, amai da gudawa, kuma ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da ke tayar da sikila. Likita ne zai rage ta sannu a hankali, tare da likitan jini. Ku nemi a auna shi ciwon hanta na B da C da ƙanjamau, tunda ba ku san ko yana amfani da sirinjin wani ba.

Malam Ɗanjuma, Kazaure:
Akwai asibitin ƙwaƙwalwa nan Kazaure, akwai kuma na Dawanau a Kano. Shirun nan da ya yi ya fi damuna, domin ciwon damuwa yakan ɓuya bayan shaye-shaye, sai a faɗa wa likita a fili. Kada kuma a saya masa tramadol a kemis da sunan sauƙaƙawa, danginsu ɗaya da pentazocine, kuma tana iya jawo farfaɗiya.

Abu Hafsat:
Na gode ƙwarai, Hajiya da Malam. To baffanni fa, yaya zan shawo kansu?

Maman Sadiƙ:
Ku tafi asibiti da babbansu, ya ji bayani daga bakin likita, ya kuma ga gyambon da idonsa lokacin da ake wanke shi.