Bizar Umara tana komawa iƙama? Ku ba ni shawara kafin in sai da fegina

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni nas ne, nan Sakkwato nike aiki, da mata guda da ɗiya ukku, albashi ba ya kai mu tsakiyar wata. Wani ejan ya ce in kawo kuɗɗi ya yi min bizar Umara, in na sauka Jidda mutanensa za su samo min kafili, wato mai ɗaukar nauyina, a mai da ta iƙama, takardar izinin zama a Saudiyya, in kama aikin asibiti. Abin da ya yanka sai na sai da fegina na Arkilla, kuma wai wagga dama ba ta wuce Jumu'a. Wani abokin aiki kuma na ta zuga ni in nufi Ingila. Waɗanda sunka san hanya, mi kuka gani?

Wani ma'aikacin lafiya a Jidda: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe feginka. Bizar Umara ta ibada ce, wata uku ne iyakarta, ba a aiki da ita, kuma ba ta komawa iƙama. Ranar da ta ƙare kana ƙasar, ka zama takari, ko kana da digiri goma. Babu asibitin da zai bari ka taɓa majinyaci.

Abin da ya ba ni takaici, kai kana da ƙofa a buɗe. Ka tura takardunka kamfanin DataFlow su tantance, ka yi rajista da SCFHS, hukumar da ke ba ma'aikatan lafiya lasisi a Saudiyya, ta shafinta na Mumaris Plus, ka zauna jarrabawar lasisin, wadda ake kira Prometric. Asibitin da ya ɗauke ka shi zai fitar maka da bizar aiki tun kana Najeriya, shi ne kafilinka, shi zai yi maka iƙama. Ka karanta kwantiragin kafin ka sa hannu: masauki, tikitin hutu, da batun iyali. In asibiti mai zaman kansa ne, kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashinka riyal 400 ne za ka biya gwamnati a wata. Uwargida da yara uku, 1,600 ke nan kafin ku sayi ko buhun shinkafa. Shi ya sa da yawanmu iyali na gida. Kuma iƙama ba ta mai da kai ɗan ƙasa, ranar da aiki ya ƙare ita ma ta ƙare.

Wani ɗan kasuwa: To amma a faɗi gaskiya, mutane nawa sunka tafi ta wagga hanya, yau ga gidajensu nan Mabera?

Wata Hajiya: Alhaji, waɗanda sunka gina ka gani. Ƙanena haka ya tafi. In muna waya ya ji jiniyar 'yan sanda sai ya katse, sai dare ya sake kira yana raɗa. Inna ta rasu bai zo ba, don in ya fito ba komawa. Daga ƙarshe kamu ya rutsa da shi, ya yi zaman Shumaisi, inda aka tsare waɗanda za a kora, anka ɗauki hoton yatsunsa, ya sauka Kano da kayansa cikin leda. Yanzu ko Umarar gaskiya an ce sai wa'adin da anka yanka mishi ya cika. Ɗana, kar ka yi.

Wata nas a Ingila: Yayana, tamu hanyar ta fi tsawo. Sai ka yi rajista da NMC, hukumar rajistar nas-nas ta nan, ka ci jarrabawar Turanci, IELTS da maki 7 (rubutu an yarda da 6.5) ko OET, ka yi CBT, jarrabawar jinya ta kwamfuta, tun kana Najeriya, OSCE kuma, gwajin aiki a aikace, sai ka iso nan. Turancin ne ke kayar da mutane, ba aikin jinya ba. Najeriya na cikin jerin ƙasashen da aka hana a je a kwashi ma'aikatan lafiyarsu, don haka da kanka za ka nemi aiki kai tsaye, ba ta ejan ba. Duk wanda ya ce zai sayar maka da takardar ɗaukar nauyi, wadda mai ɗaukar ka aiki ke bayarwa don neman biza, gudu. Bizar masu kula da tsofaffi da ake ta tallatawa, tun Maris 2024 aka hana su kawo iyali, a Yulin 2025 aka rufe ɗauko sababbi daga waje. Nas mai rajista yana iya zuwa da iyalinsa, sai dai haya za ta cinye maka kaso mai tsoka.

Wani dattijo: Yaro, in tsohuwa na raye ka faɗa mata, ka kuma zauna da maiɗakinka, ita za a bari da ɗiya. Shi kuwa mai cewa sai Jumu'a, ce mishi ya nuna maka sunan asibitin a rubuce.

Mai tambaya: Na gode, Allah shi saka da alheri. Baba, na tambaye shi sunan asibitin, ya karanta saƙon bai amsa ba. Malam na Jidda, DataFlow ɗin nan ni ka biya ko asibiti? Kuma shedar aiki ta wurin da nike yanzu kaɗai za ni aikawa, ko har da ta inda na fara?