Config da Hausa: na gandu ne ko na gayauna?

Jama'a ina rubuta ɗan jagoran Git (manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen da aka yi wa kod) ne da Hausa saboda ƙannenmu masu koyon kodin, na zo kan fassara kalmar config, wato zaɓin da kake yi wa manhaja kan yadda za ta yi aiki, na cije. Da farko tsari na sa, sai na tuna ai system ɗin ma tsari muke ce masa, kenan system config zai fito tsarin tsari, wa zai gane wannan don Allah. Na koma kan saiti, tunda ko mai gyaran waya a kasuwa saiti zai ce maka, wannan kam an wuce wajen.

Inda gizo ke saƙar shi ne matakan. Git na ɗauko saitinsa daga wuri uku, akwai /etc/gitconfig wanda ya hau kan duk mai shiga kwamfutar kuma sai da sudo, wato izinin mai kula da kwamfutar, ake taɓa shi, akwai ~/.gitconfig naka kai kaɗai, sai .git/config da ke cikin aikin da kake kai, kuma in sun saɓa na kusa ne ke danne na nesa, shi ya sa za ka iya sa imel ɗin ofis a aiki ɗaya sauran ayyukan su ci gaba da naka na gida.

To na tsakiyar nan Git --global yake ce masa. Ka fassara shi na duniya ka gani, yaro zai ɗauka ya canza wa kowa suna, alhali ko mai zama kusa da shi bai shafa ba.

Wani dattijo a cikinmu ya kawo wadda ta burge ni wallahi, ya ce a ce saitin gandu da saitin gayauna. Gandu na gida ne gaba ɗaya sai da izinin maigida, gayauna kuwa taka ce ka shuka abin da ka ga dama. Har wani ya ce to na ukun a ce saitin kunya tunda a gona ake, na ce a'a, za a ɗauka kunyar ido ce.

Matsalar dai yaran birni da yawa ba su san gayauna ba. Don haka a jagoran zan rubuta saitin kowa, saitin kaina, saitin aiki, gandun kuma in yi bayani da shi a aji. Saura default, wato saitin da manhaja ke zuwa da shi kafin ka canza komai, na asali nake sawa yanzu amma bai kwanta min ba, mai wata ya kawo.